Kwalba Mai Jan Murfi

Ranar Litinin na ga kiyashin, saura kwana uku in tsaya gaban masu jarrabawa in kare aikina na digiri na uku.

Ba aiki ya kawo ni ɗakin gwaji ba a ranar, aiki ai ya ƙare. Littafin digirin yana can ofishin Farfesa mai kula da aikina, an ɗaure shi da baƙin bango, kofe huɗu. Na shigo ne kawai in kwashe 'yan tarkacena, in ɗauki farar rigata in kai wanki. Ina miƙa hannu bayan teburin sai na ga layinsu. Sun fito daga tsagar taga, sun bi bango, sun sauko ta bayan famfo, sun hau teburin. Kwalabe biyu ne a ajiye a wajen, ɗaya mai shuɗin murfi, ɗaya mai ja, kowace da ɗan ɗigon da ya zubo ta gefe ya bushe. Kiyashin suka wuce mai shuɗin murfi kamar ba su ganta ba, suka yi cincirindo a gindin mai ja.

Ni mace ce mai kicin. Na san abin da ke tara kiyashi haka. Nan take na tsorata.

Sai na yi bayani kafin a gane abin da ya tsorata ni. Shekara uku ke nan ina kiwon bakteriya, ƙwayoyin nan da ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Innata kan ce, “Kowa na kiwon kaji, ke kina kiwon abin da ko yankawa ba a yi.” Irin da nake aiki a kansu suna da wutsiyoyi sirara da suke juyawa kamar farfela su yi iyo. Amma ba kullum suke da wutsiyar ba, don ƙera ta aiki ne mai cin ƙarfi. Akwai ƙwayoyin gado a cikinsu da ke kula da wannan, kuma hawa-hawa suke. Na sama shi ke ba da umarni, na tsakiya su kafa gindin wutsiyar, sai gindi ya kammala sannan na ƙasa su saƙa wutsiyar kanta. Shi kuma na saman yana kasa kunne ga abin da ke waje. In ya ji akwai sukarin gulukos a wadace, sai ya ja bakinsa ya yi shiru, ba umarni, ba wutsiya. Ina za a je, ga abinci a baki? Wannan ko ɗalibin shekarar farko ya sani, ni da kaina na sha koyar da shi.

To, abin da na gano, ko in ce abin da na yi zaton na gano, shi ne wata ƙwayar gado da ba wanda ya san aikinta. Na cire ta daga cikin bakteriyar, sai suka daina iyo. Gwajin ba wuya. A zuba abincinsu mai ɗan kauri a faranti ya daskare sama-sama, a soka musu allura a tsakiya, a sa a akwatin ɗumi awa takwas. Mai iyo za ta bazu ta yi zobe fari-fari har kusa da bakin faranti. Marar iyo tana nan inda aka soka ta, ɗan ɗigo kawai. Waɗanda ban taɓa ba na sa musu suna 'Yar Yawo, waɗanda na cire wa ƙwayar na kira su Raguwa. Sau arba'in da bakwai na yi gwajin nan, sau arba'in da bakwai Raguwa ba ta motsa ba. A kan wannan na rubuta cewa na gano sabon mai ba na sama izini. Duk littafin a kan wannan ɗigon yake tsaye.

Abincin 'Yar Yawo yana cikin kwalba mai shuɗin murfi. Na Raguwa dabam yake, a mai jan murfi, saboda ana sa masa wani magani da ke kashe duk baƙuwar ƙwaya ya bar ta ita kaɗai. Bambancin ke nan, maganin kawai. Sukari ba shi da gurbi a cikin ko ɗaya.

Na buɗe durowa, na ɗauko takardar gwajin sukari, irin wadda ake tsomawa a fitsari a asibiti. Na tsoma a mai shuɗin murfi, ba ta sauya ba. Na tsoma wata a mai ja. Kafin in ƙirga goma ta rine ta yi duhu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a kan doguwar kujera. Idan Raguwa sukari take sha duk shekarun nan, to ba cire ƙwayar gadon ne ya hana ta iyo ba. Ƙoshi ne.

Mutum ɗaya ne ke haɗa abincin ƙwayoyi a sashenmu, wani dattijo da kowa ke kira Baba Ma'auni, don ko gishiri zai sa sai ya auna sau biyu. Shekararsa talatin da ɗaya a ɗakin nan, saura wata biyar ya yi ritaya. Na nufi ɗan ɗakinsa da gudu-gudu, na tarar da kwaɗo a ƙofa. Mai shara ta ce ya tafi asibitin ido, sai gobe.

Wallahi da na same shi a lokacin, ban san abin da bakina zai faɗa ba. Ina da zuciya, ban taɓa ɓoyewa ba. Mijina kan ce ashana ma tana jira a ƙyasta ta, ni ba na jira.

Na dawo na tsaya a tsakiyar ɗaki ina lallashin kaina. Wataƙila wannan kwalbar ce kaɗai, kuskuren rana ɗaya. Wataƙila ma ko babu sukarin Raguwa ba za ta motsa ba, ai na cire mata ƙwayar da gaske. Hanya ɗaya ce ta sani. Na ɗaura farar rigar da na zo kaiwa wanki, na auna komai da hannuna, abin da rabona da yi tun shekarar farko. Na dafa, na sa maganin, ban sa sukari ba. Na ɗebo Raguwa daga firiza na zuba ta a ciki don ta kwana ta farfaɗo. Gobe da safe in soka, da la'asar in gani.

Da zan fita na ci karo da Farfesa a kan matakala, yana saukowa da jakarsa.

“A'a, Malama, me kike yi a nan? Je ki huta. Mai jarrabawa na waje ya kira ni jiya, ya ce babi na huɗu ya burge shi ƙwarai.”

Babi na huɗu shi ne babin Raguwa. Na ce, “Na gode, ranka ya daɗe,” na wuce da sauri kada ya ga fuskata.

A gida na tarar Inna ta iso, ta zo musamman don ranar Alhamis. Ta shimfiɗa sabuwar rigar da ta ɗinka mini a kan gado, tana ta gyara mata hannu. 'Yata mai shekara shida tana tsalle a kan kujera.

“Ga Dakta nan, a ba ta hanya!” in ji mijina daga ƙofar kicin.

“Don Allah ka daina kirana haka.”

“To me zan ce? Likitar marasa wutsiya?”

“Na ce ka daina!”

'Yata ta sauko daga kujera a hankali. Inna ta dube ni ta saman tabarau.

“Ke, lafiyarki? Daga wasa?”

“Gajiya ce, Inna.”

“Gajiya ba ta sa ido ya faɗa haka. Zo ki gwada rigar.”

Na gwada. Ta yi mini cif, kamar a jikina aka ɗinka ta. Na tsaya gaban madubi ina kallon matar da ta bar 'yarta da zazzaɓi sau biyu ta tafi auna zobe a faranti, matar da mijinta ya koyi kitson yara saboda ba ta gida. Abinci ma kasa ci na yi, na yi ta juya cokali har ya huce.

Wani tunani ya zo mini a wajen, kuma ba zan yi ƙarya in ce na kore shi nan da nan ba. Wa ya sani? Ni da kiyashi. In zubar da kwalbar, in wanke ta, in goge teburin. Ranar Alhamis in sa rigar Inna in tsaya in yi bayani, a tafa mini. Sai dai na san yadda aikinmu yake. Wata rana, a wani ɗakin gwajin da ban taɓa gani ba, wata za ta karanta abin da na rubuta ta cire ƙwayar nan, ta soka a faranti, ƙwayoyinta su yi iyo abinsu. Za ta yi shekara tana zargin hannunta. Duk da haka tunanin bai tafi ba, ya kwana tare da ni.

Ƙarfe bakwai da rabi na safiyar Talata na soka farantai shida, uku na 'Yar Yawo, uku na Raguwa, duka a abincin da na haɗa da kaina babu sukari, maganin kuwa a na Raguwa kaɗai. Na sa su a akwatin ɗumi na rufe. Ba a buɗewa a yi ta leƙe, ɗumin zai fita, motsi kuma yana ɓata zoben. Sai uku da rabi.

Ina rufewa na ji ƙarar kwaɗo. Baba Ma'auni ya iso, idonsa ɗaya a rufe da auduga. Ko gaisuwar kirki ban yi masa ba. Na ɗauki kwalbar na dangwarar a kan teburinsa.

“Baba, mene ne a cikin nan?”

“Ina kwana, 'yata.”

“Ina kwana. Mene ne a cikin nan?”

Ya ɗaga kwalbar ya kawo ta kusa da idonsa mai lafiya. “Abincin Raguwa ne.”

“Akwai sukari a ciki?”

“Akwai. Gram biyu a kowace lita.”

Haka ya faɗa, kamar wanda aka tambaya ƙarfe nawa.

“Tun yaushe?”

“Ai tun farko.”

Nan fa ashanar ta kama. Na ce masa ya kashe ni. Na ce shekara uku ya sa na yi ina ɗiban ruwa da kwando. Na ce wa ya aike shi, wa ya sa shi, da wane izini zai taɓa abin da ba a ce ya taɓa ba? Na ce shekara talatin a ɗakin gwaji amma bai san sukari na kashe wutsiya ba? Har da cewa in idonsa ya daina gani ai sai ya zauna a gida. Wannan ta ƙarshen ita ce har yau in na tuna nake jin kunya ta rufe ni.

Na yi ta yi har na gaji. Sannan ya juya ya buɗe kabad. Baba yana da littattafai masu kauri, ɗaya na kowace shekara, duk abin da ya auna yana ciki da kwanan wata. Ya zaro na shekara uku baya, ya lashi yatsa, ya yi ta buɗawa a hankali. Ya juyo da littafin wajena ya ɗora yatsa a kan wani layi.

Rubutunsa ne, ƙanana a jere. “Malama ta ce na jan murfi ba sa girma. Ta ce in ƙara musu ko mene ne su girma kafin Juma'a, kada in sake tambayarta. Na ƙara gulukos gram biyu. Na rubuta mata a takarda na ajiye a teburinta.” A ƙasa kuma, bayan mako guda: “Sun girma. Malama ta ce a ci gaba da yi haka.”

Sai ranar ta dawo mini tar. Watan da na fara samun Raguwa, ta ƙi girma, kullum ruwan kwalba garau. Farfesa yana jiran sakamako ranar Juma'a, 'yata tana kwance a asibiti. Baba ya biyo ni har bakin ƙofa yana cewa, “'Yata, me kike so in ƙara? Don akwai abin da in an ƙara…” Ban bar shi ya ƙarasa ba. Na juyo na daka masa tsawa a gaban mutane, na ce ko mene ne, kada ya sake tambayata. Takardar da ya ajiye kuwa, Allah kaɗai ya san inda ta shiga, teburina a lokacin ya fi bola tarkace. Da suka girma murna ta hana ni tambayar dalili. A littafin digirina kayan haɗin da na ba shi a rubuce tun farko na rubuta, ban taɓa komawa na duba ba.

“Na san yana taɓa wutsiya,” in ji Baba, muryarsa ƙasa-ƙasa. “Shi ya sa na biyo ki. Da kika ce a ci gaba, na ɗauka kin karanta takardar, kin san abin da kike yi. Ke ce mai ilimin. Ni aunawa aka ɗauke ni yi.”

Na rasa inda zan sa fuskata. Na ja kujera na zauna a ɗan ɗakin nan nasa mai warin dafaffen abincin ƙwayoyi.

“Kin sake sokawa?” ya tambaya.

“Suna ciki. Sai uku da rabi.”

“To ai ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Mu jira.”

Ban taɓa ganin yini mai tsawon wannan ba. Na wanke kwalaben da ba nawa ba. Na jera allurai, na wargaza, na sake jerawa. Na yi azahar, ban san me na karanta ba. Mijina ya kira sau biyu ban ɗauka ba, ya turo saƙo: “Yi haƙuri da wasan jiya. Inna na tambaya kujera nawa za a ba 'yan uwa a zauren.” Sau uku ina kai hannu ga ƙofar akwatin ɗumi, Baba yana gyaran murya daga ɗakinsa, ina janyewa. Ina ta addu'a iri ɗaya kamar yarinya: Allah ka sa ta zauna, Allah ka sa ta zauna inda na soka ta.

Wajen ƙarfe biyu Baba ya fito da littafin a hannu, ya tsaya kusa da ni.

“'Yata, ji nan. In abin ya ɓaci, ki ce ni ne. Ki ce tsoho ne ya ruɗe ya zuba. Shafin nan ɗaya ne, in na yage shi ba wanda zai nema.”

“Baba!”

“Saura wata biyar in tafi. Me za su yi mini? Faɗa ne, takarda ce a fayil. Ke kuwa yanzu kika fara. In aka ce kuskuren mai haɗa abinci ne, za a tausaya miki, a ba ki lokaci. In aka ce ke ce ba ki san abin da ke cikin kwalbarki ba shekara uku…” Ya girgiza kai.

Gaskiya ya faɗa, kuma na san gaskiya ce. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda zuciyata ta yi tsalle ta kama maganar. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya ba a taɓa samun gram ɗaya ya kauce a littafinsa ba, da safe na zage shi, yanzu yana miƙo mini sunansa in goge hannuna da shi. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na ce, “Mu ga farantan tukuna.”

Uku da rabi ta yi. Na buɗe akwatin, ɗumi ya bugi fuskata. Na fito da su a tire na kai gaban taga, don a haske ake ganin zoben. 'Yar Yawo ta yi abin da ta saba, zobe uku manya. Na ɗaga farantin Raguwa na farko.

Zobe ne. Fari-fari, zagaye sumul, har kusa da bakin faranti. Na ɗaga na biyu, na ɗaga na uku. Na ɗauko rula na auna, ko da yake ido ma ya isa. Ko milimita biyu ba ta bambanta da 'Yar Yawo ba. Raguwar da na yi shekara uku ina yi wa kirarin ba ta motsi, ashe yunwa kawai take jira.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Na kifa kaina a kan teburin nan da kiyashi suka bi jiya na yi mai isata. Da na ɗago sai na ga Baba ya buɗe littafin a shafin, ya kama gefen takardar da yatsu biyu yana jirana.

Na miƙa hannu na karɓi littafin. Na rufe shi, na ɗora a kan tiren tare da farantan da kwalba mai jan murfi.

“'Yata, ina za ki da shi?”

“Sama. Baba, maganar da na faɗa maka da safe, ta ido, ka yafe mini.”

“Wannan ai ta wuce. Ki bar littafin.”

“Ba zan bari ba.”

Matakala ashirin da biyu ce zuwa ofishin Farfesa, ban taɓa ƙirgawa ba sai ranar. Na yi sallama ya ce in shigo. Littattafaina huɗu masu baƙin bango suna jere a gefen teburinsa, an liƙa wa kowanne sunan mai jarrabawa.

Na ajiye tiren. Na ce, “Ranka ya daɗe, a ɗaga zaman Alhamis. Babi na huɗu ba gaskiya ba ne.”

Ya cire tabarau, ya ɗaga farantin Raguwa ya duba a hasken taga, ya daɗe yana dubawa. Na gaya masa batun kiyashi da takardar gwaji da gram biyu a kowace lita. Fuskarsa ta yi ta sauyawa har na daina kallonta. Ya ajiye farantin a hankali, ya dubi littafin da ke kan tire, ya gane mai shi.

“Shekara uku,” ya ce. “Wa ya sa sukarin nan? A kira mini Baba Ma'auni yanzu.”

Wayata ta fara ruri a aljihun farar rigar, na san Inna ce da maganar kujeru. Na bar ta tana yi. Na buɗe littafin a shafin, na juya shi wajen Farfesa, na ɗora yatsana inda Baba ya ɗora nasa da safe.

Na ce, “Ba sai an kira shi ba, ranka ya daɗe. Ya tambaye ni, na hana shi magana. Ni ce na sa.”